Daga Bakin Rumfa: 'Yar MP3 ɗin da ke aljihuna

 

Makon jiya yaron maƙwabcin rumfata a nan Kwatano ya ga na zaro 'yar MP3 ɗina daga aljihun gaba ina warware igiyar iyafis, sai ya tuntsure da dariya. "Baba Alhaji, har yanzu akwai mai riƙe wannan? Ai wayarka ta fi ta komai." Ban tanka masa ba, don lokacin ga mai ciniki tsaye tana juya atamfa. Amma maganar ta kwana a raina. Shi ya sa yau na ajiye zancen farashin kaya da na kwastan, zan yi magana a kan wannan 'yar abar da da ƙyar ta fi kwalin ashana.

Mu da muka haura hamsin da kaset muka tashi. Lokacin da na fara bin hanyar Kwatano zuwa Malanbil, tafiyar da ta haura kilomita 700, direban da ba shi da Shata ko Ɗanƙwairo a mota ba mu ɗauke shi cikakken direba ba. Kaset ya sarƙe, yaron mota ya zaro shi, ya sa biro yana naɗewa, mu kuma muna jira kamar an tsayar da mu a shingen jandarma. Mai ɗan hali shi ke da Walkman, wadda kamfanin Sony ya fito da ita tun 1979, batir biyu ba sa kai ka Paraku. Kaset mai minti 90 na cikin manya, rabi a kowane gefe.

Sai ga zamanin MP3. Injiniyoyin wata cibiya ta Jamus, Fraunhofer, su ne kan gaba wajen gano dabarar: a zubar da ɓangaren sautin da kunnen mutum ba ya kamawa sosai, a matse sauran, sai waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta. A 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod, giga 5, yana alfaharin tana ɗaukar waƙa dubu, a kan dalar Amurka 399. Wa zai ba ɗan kasuwar Zongo wannan? Mu 'yan China muka jira, masu cin memori, da 'yan rediyon nan masu tocila a ka. Apple ma ya daina yin iPod tun 2022, amma namu na nan suna aiki, ko an faɗi da su an ɗaure da roba.

Lissafin mai sauƙi ne. A matsin da aka saba, minti ɗaya na cin kusan mega ɗaya. Ke nan memori mai giga 8 zai riƙe maka sama da awa 120, abin da a da sai ka cika jaka da kaset wajen tamanin. A nawa akwai saukar Alƙur'ani izu sittin ta Husari, akwai tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar, akwai Shata da Ɗanmaraya da Haruna Uji, da Barmani Choge da uwargida ta sa aka tura don kanta, kuma har yanzu da sauran wuri.

To me ya hana in zuba su a waya in huta? Na gwada. Wayar ɗan kasuwa ba tasa ba ce, ta masu ciniki ce. Kana tsakiyar Suratul Kahfi wani zai kira yana tambayar ko shadda ta sauka. Ga caji: ka kwana a hanya kana sauraro, gari ya waye waya ta mutu daidai lokacin da dillali ke nemanka. Ga iyaka: da ka tsallaka Seme layinka ya fara cin kuɗi kamar gara, abin da kake ji ta intanet ya tsaya cak. Yaranmu suna ganin komai na intanet kamar nasu ne, alhali haya suke yi, ranar da data ta ƙare an rufe musu ƙofa. 'Yar MP3 ba ta san iyaka ba, ba ta neman sim, caji ɗaya na kai ni wuni, kuma ɓarawon tasha ko kallonta ba ya yi. Na saya wa ƙaramar 'yata irinta don hadda. Tana maimaita aya sau ashirin ba tare da wani bidiyon rawa ya faɗo mata a tsakiya ba, ni kuma hankalina kwance.

Akwai abin da ke ɗan ci mini tuwo a ƙwarya, ba zan ɓoye ba. Duk waƙoƙin nan, yaron da ya tura mini su kawai na biya, dala ashirin ko talatin. Mawaƙin ko magadansa ko sisi ba su gani ba. Masu sayar da kaset da na sani, wasu sun koma sayar da caja, wasu sun koma gida. Ni ɗan kasuwa ne, na san zafin a kwashi kayanka a ce an gode. Ban da maganin abin, amma ba na son mu riƙa yi kamar ba mu sani ba.

Yanzu bari in zo kan ainihin abin da ya sa nake riƙe da ita.

Kafin wayar hannu, mu 'yan ci-rani da kaset muke wasiƙa. Inna ba ta karatun boko, ni kuma ba na son wani ya karanta mata sirrina. Sai ƙanena ya ajiye rediyo a tsakar gida, ya danna jan maɓalli, kowa ya faɗi nasa, a ba direba ya kawo. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. A kaset ɗin cewa take, "A hwaɗa ma mutumen Kwatano ya tsare salla, kuma kar ya ci bashin da bai iya biya." A bayanta kana jin ana daka, zakara na cara, Baba na tari yana cewa a gaya masa goro ya yi tsada. Guda uku na adana irin waɗannan.

Wanda ya zauna bakin teku ya san abin da laima ke yi wa kaya. Kaset ɗin suka fara furfura, murya na ja kamar mai jin barci. Wani yaro a Zongo, Allah ya yi masa albarka, ya haɗa rediyo da kwamfuta da 'yar waya ta ramin iyafis, ya kwashe su ukun ya zuba mini a memori mai giga 2. Daga ranar, duk tafiyar dare, idan mota ta yi shiru bayan Kandi, sai in saƙala iyafis in koma tsakar gidanmu. Kaset ɗin kuwa na bar su a akwati har suka manne, na zubar.

Kwaɗayi ne ya ja mini. Wata rana a tasha wani mai tallan kayan waya ya nuna mini memori an rubuta giga 32, a kuɗin da bai kai na mai giga 8 na kirki ba. Ni da nake gaya wa mutane kullum araha ba ta ado, na saya. Na sa aka kwashe komai daga tsohon aka zuba a sabon, na ga sunayen fayil duk sun fito reras, na ƙara tafsiri da waƙoƙi a kai son raina. Tsohon kuma na ba ɗana, ya goge ya zuba nasa tarkacen.

Bayan kwana kaɗan, a hanya, na danna muryar Inna. Shiru. Na danna ta biyu, na'ura ta tsallake. Sunan na nan, abin da ke ciki babu. Na cire memori na hura masa iska na goge da bakin riga, kamar hakan zai yi wani abu. Har muka isa ban runtsa ba.

Da na dawo, yaron Zongon nan ya yi mini bayani. Irin wannan memori na jabu ƙarami ne a ciki, wataƙila giga 2 ko 4, amma an yi masa dabara yana gaya wa na'ura shi babba ne. Kana zubawa yana karɓa, ba ya cewa ya cika. Idan ainihin cikinsa ya ƙare, wani sai ya koma yana rubuta sabo a kan tsoho, wani kuma ya watsar da sabon, sunaye kawai yake bar maka. Nawa mai taka tsoho ne. Waƙoƙin da na ƙara daga baya su suka hau kan muryar mahaifiyata. Kamar mudun da aka dagargaza gindinsa ne, sai dai shi wannan ba a ganewa da ido.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka sayi sabon memori kar ka yarda da rubutun jikinsa. Ka sa a cika shi taf da abin da ba ka damu da shi ba, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a ji ko suna yi. Kar ka goge tsohon sai sabon ya yi wata yana aiki. Ko na gaske ne ma yana mutuwa ba sallama, musamman in ana yawan zare shi na'ura na kunne. Abin da ba ka da hanyar sake samu, muryar iyaye, karatun ɗaurin aure, saƙon wanda ya riga mu, ka ajiye shi wuri uku: a memori, a kwamfutar wani amintacce, ka kuma tura wa 'yan'uwa a wata ƙasar. Shata ko ya ɓace, kowace tasha akwai mai tura maka.

Sai maganar kunne, a taƙaice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar sauti, kuma shawararta kar a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'ura. A mota ne muke ƙure murya don mu danne ƙugin inji, can ne ɓarnar take. Ni dokata biyu: ba iyafis a rumfa, don mai ciniki ba zai yi sallama sau uku ba, kuma ba iyafis a bakin titi. Wanda ya san yadda 'yan zemijan ke gudu a garin nan ba sai na yi masa bayani ba.

Cikin ukun nan, ɗaya ta dawo. Ashe wata shekara da na je gida da salla, ƙanwata ta karɓi memorin ta sa a wayarta ta kwafi guda, ni har na manta. Da na kira ina ba ta labari murya na rawa, sai ta ce, "Yaya, ai ina da ta zancen bashin nan." A daren ta turo mini ta WhatsApp. Minti goma sha ɗaya ce. Biyun kuwa, har da wadda Baba ya yi doguwar addu'a a ƙarshenta, sun tafi.

Jiya na kira yaron maƙwabcin nan na saƙala masa iyafis ɗaya a kunne. Ya yi shiru yana ji, can ya ce, "Baba Alhaji, wace ce mutumen Kwatano take ta faɗa?" Na ce ni ne. Ya ce shi ma kakarsa na can Gaya da ranta, in ya je da salla zai ɗauko muryarta a waya. Na ce in ya ɗauko ya turo mini kwafi in ajiye masa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.