Homura ba ta da gaskiya, ko da kuka ya cika mata ido

Musun da matasanmu suka tayar bayan taron Lahadi har yanzu bai mutu ba, kuma tunda an nemi jin ta bakinmu, ga shi. Magana ce a kan katun ɗin Japan mai suna Puella Magi Madoka Magica, wanda kamfanin Shaft ya fitar a 2011 cikin kashi 12, Gen Urobuchi ya rubuta, da fim ɗin Rebellion da ya biyo baya a 2013. Ƙagaggen labari ne, ba aƙida muke ɗauka a ciki ba. Kuma iyaye a kula, kada zanen 'yan mata masu manyan idanu ya ruɗe ku, tun a kashi na 3 ake cire wa yarinya kai. Ba na ƙananan yara ba ne.

Ga wanda bai kalla ba: wata halitta mai kama da mage, Kyubey, tana cika wa yarinya buri ɗaya, ita kuma ta biya da yaƙar mayu. Abin da ba ta faɗa shi ne, duk yarinyar da baƙin ciki ya cinye, ita ma mayya take zama. Homura ta ga ƙawarta Madoka ta mutu, sai ta roƙi a maida ta baya ta kare ta. Haka ta yi ta maimaita wata guda, tana faɗuwa tana sakewa. A ƙarshe Madoka da kanta ta zaɓi ta sadaukar da rayuwarta domin kada wata yarinya ta sake zama mayya, duniya ta manta da ita. A Rebellion sai Homura ta fizgo ta daga wannan matsayi, ta sake tsara duniya, ta goge mata tunani, ta maida ita 'yar makaranta a Mitakihara.

Masu kare ta suna cewa so ne. Mu muna cewa ƙwace ne.

Ba mu raina hujjojinsu ba. Gaskiya ne a kashi na 10 Madoka ce ta roƙi Homura ta koma baya ta hana Kyubey yaudararta. Gaskiya ne kuma su Kyubey sun yi wa Homura tarko domin su kai ga Madoka su mallake ta, haɗarin ba na wasa ba ne. Amma roƙon kashi na 10 na yarinyar da aka yaudara ne. Wadda ta yi zaɓi a kashi na 12 ta san komai: ta ga mutuwar Mami, ta ga Sayaka ta zama mayya, ta ji bayanin Kyubey daga bakinsa. Ba a riƙe mutum da maganar da ya yi cikin duhu a yi watsi da wadda ya yi ido buɗe.

Babbar hujjarsu ita ce zaman nan na cikin furanni, inda Madoka ta nuna ba za ta iya jure rabuwa da danginta da ƙawayenta ba. To wace Madoka ce ta faɗa? Wadda a lokacin ba ta tuna ko wace ce ita, ba ta tuna abin da ya sa ta tafi. Kowa ka tambaye shi ko yana son barin uwarsa zai ce a'a, mu da muke zaune nesa da gida mun fi kowa sani. Jin zafin rabuwa daban, nadamar tafiya daban. Homura ta ji abin da take son ji ne, ta ɗauke shi izini.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne babu wanda ya ambaci Junko, mahaifiyar Madoka. A kashi na 11, guguwa na rusa gari, Madoka ta tashi za ta fita daga wurin fakewa. Uwar ta tare ta, har ta mare ta. Da ta saurare ta, ta gane yarinyar ta san abin da take yi, sai ta sake ta. Akwai mai cewa Homura ta fi uwar da ta haife ta sonta?

Ita kanta Homura ba ta yarda da lauyoyinta ba. Ta kira kanta shaiɗaniya. A barandar makaranta, da Madoka ta fara tunowa, sai ta rungume ta don ta danne tunanin. Ta tambaye ta tsakanin kiyaye ƙa'ida da bin son rai, Madoka ta zaɓi ƙa'ida, Homura ta ce watakila wata rana su zama abokan gaba. Wato ta san amsar da za a ba ta, shi ya sa ba ta nemi izini tun farko ba. Sayaka ma da ta yi mata tsaye, goge mata tunani ta yi.

Muna tausayinta, yarinya ce mai ciwon zuciya da ta yi ta binne ƙawa ɗaya ba adadi. Amma mun tsaya a kan wannan magana ne saboda yadda wasu samarinmu suka riƙa tafa mata, suna cewa in kana son mutum kana da ikon yanke masa hukunci don amfaninsa. Waɗannan samarin gobe za su yi aure, wasunsu ma yanzu haka ƙannensu mata na hannunsu a nan. Wanda ke da ja ya zo ranar Lahadi mai zuwa, amma ya sake kallon kashi na 11 kafin ya zo.