Dokar Gaɓar Chesapeake

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. A gabashin Amurka akwai wani babban mashigin teku da a ke kira Chesapeake, inda ruwan koguna ya ke garwaya da ruwan gishiri. Tsawonsa ya kai kamar mil 200, kuma tun kaka da kakanni dubban mutane su ke cin abinci da kifinsa da ƙaguwarsa. Da aka ga albarkarsa tana raguwa, aka bincika, sai aka tarar yawancin cutar daga tudu ta ke gangarowa.

Takin gona da ƙazantar gari, in ruwan sama ya kwashe su ya zuba a mashigin, sai gansakuka ta yi yawa ta tare hasken rana. Ciyawar ƙarƙashin ruwa, wadda ƙananan kifi da ƙaguwa su ke fakewa a ciki, sai ta mutu. In gansakukar ta ruɓe kuma, sai ta cinye iskar da kifi ya ke shaƙa.

Saboda haka a shekarar 1984, zamanin Gwamna Harry Hughes, Jihar Maryland ta kafa doka a kan duk ƙasar da ke cikin ƙafa 1,000 daga bakin ruwan. Ƙafa 100 na farko an ce a bar su da itatuwansu da ciyawarsu, don su tace ruwan da ke gangarowa, saiwoyinsu kuma su riƙe gaɓa. A wuraren da aka keɓe don gonaki da daji, ba a yarda a gina fiye da gida ɗaya a cikin eka 20 ba. Jihar Virginia ita ma ta yi tata dokar a 1988.

To, mai fili ya iya cewa, ƙasata ce, da kuɗina na saya, don me za a hana ni gini? Maganarsa abin saurare ce, amma mu a ganinmu dokar tana kan gaskiya. Filin nasa ne, ruwan kuwa na jama'a ne. Abin da ya zubar a bayan gidansa, masunci ne zai biya da komarsa, shi kuwa ba a yi shawara da shi ba.

Sai dai kafa doka daban, tsare ta daban. In ana yi wa wannan sassauci yau, a yi wa wancan gobe, sannu a hankali gaɓa za ta ƙare. Ganin haka ne ya sa Maryland ta ƙara wa dokar ƙarfi a 2008. Har ila yau, ruwan mashigin daga jihohi 6 ya ke taruwa, kusan rabinsa ta kogin Susquehanna, wanda ya taso tun daga New York ya ratsa Pennsylvania. Muddin na sama ba su kama ba, wahalar na ƙasa ba za ta biya ba. Muna fata hukumomin jihohin nan za su riƙe amanar ruwan nan tare, su tsaya a kan dokokinsu ba sani ba sabo.