Karatun likita bayan shekara talatin: wane digiri ya kamata babba ya fara da shi a Amurka?

A ranar 4 ga watan Yulin 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kasafin kuɗi. A cikinta akwai wani sashe da bai ja hankalin duniya ba, amma ya shafi duk mai niyyar zama likita a ƙasar. Dokar ta tanadi cewa daga 1 ga watan Yulin 2026, sabon ɗalibin likitanci ba zai ranci fiye da dala 50,000 a shekara daga gwamnatin tarayya ba, kuma jimillar rancen wannan karatu ba za ta wuce dala 200,000 ba. Ta kuma rufe wa sababbin ɗalibai shirin Grad PLUS, wanda a da yake ba su damar rantar dukkan abin da karatun zai ci.

Dala 200,000 ta haura miliyan 100 na sefa, amma ba ta isa. Alƙaluman AAMC, ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, sun nuna cewa shekaru huɗun karatun, idan aka haɗa kuɗin makaranta da haya da abinci, suna cin kusan dala 290,000 a jami'ar gwamnati, da kusan 390,000 a jami'a mai zaman kanta. Ragowar sai dai a nemo ta a banki da ruwa mai tsada, ko a wurin dangi.

Wanda wannan giɓi ya fi matsa wa shi ne babban ɗalibi, mai mata ko miji da ƴaƴa, wanda ya koma aji bayan ya shekara talatin. Akwai ƴan Nijar irin waɗannan a Bronx da Harlem na birnin New York, da kuma Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan ƙasar suka daɗe da kafa zango. Wasu suna tuƙa taksi, wasu suna jinyar tsofaffi a gidaje, suna aiko da abin da ya samu Maraɗi ko Damagaram. Idan ɗayansu ya ɗaura niyyar zama likita, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: wane digiri zai fara yi?

Tsarin da ya sha bamban da na Yamai

A Nijar wannan tambaya ba ta tasowa. Yaro ya ci bak, galibi na C ko na D, sai ya nemi shiga sashen kimiyyar lafiya na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko na Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko na André Salifou a Damagaram. Daga ranar farko ɗalibin likita ne, ya yi shekara bakwai zuwa takwas ya fito.

A Amurka sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu kafin makarantar likitanci ta dube shi. Bayan nan ya yi wasu huɗu, sannan ya shiga horon ƙwarewa a asibiti: shekara uku ga likitan iyali, biyar ga likitan fiɗa, bakwai ga mai fiɗar ƙwaƙwalwa. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne makarantun ba su ƙayyade fannin digirin farkon ba. Mai digirin tarihi da mai digirin kiɗa da mai digirin injiniya duk suna iya nema. Sharaɗin shi ne a cikin karatunsa ya ɗauki wasu darussa: yawanci shekara guda ta ilimin halittu, shekara biyu ta kimiyyar sinadarai, shekara guda ta fizik, duk da aikin ɗakin gwaji, sai lissafi da Ingilishi.

Daga nan sai jarrabawar MCAT, wadda ake shafe kusan awa bakwai da rabi ana yi. Tana da sassa huɗu, makinta daga 472 zuwa 528. Tun 2015 aka ƙara mata ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Waɗanda ake ɗauka suna da matsakaicin maki wajen 511 zuwa 512, makinsu na jami'a kuma wajen 3.8 bisa 4. A shekarun nan mutum sama da 50,000 ne suke nema duk shekara a makarantun da ke ba da digirin MD, ana ɗaukar kimanin 23,000. Ke nan fiye da rabi suna komawa gida ba su samu ba.

A nan ne lissafin babba yake rabuwa da na yaro. Ɗan shekara 22 da bai samu ba zai iya zama a gidan iyayensa ya sake gwadawa baɗi. Ɗan shekara 35 yana da haya a kansa, kuma digirin da ke hannunsa shi ne abin da zai ciyar da gida da shi idan ƙofa ta ƙi buɗewa.

Hanyoyin da ke gabansa

Hanyar da aka fi bi ita ce digirin ilimin halittu. Fiye da rabin masu nema daga nan suke fitowa. Amfaninsa a bayyane yake: darussan sharaɗin suna cikin manhajar, ba sai an ƙara lokaci ko kuɗi ba, kuma suna share fagen MCAT. Illarsa ita ce ranar da ba a samu shiga ba. Wannan digiri shi kaɗai, ba tare da wani karatu a kansa ba, aikin da ya fi samarwa shi ne na mataimaki a ɗakin gwaji, mai ƙaramin albashi.

Hanya ta biyu ita ce digirin aikin jinya, kuma ita ta fi jan hankalin baƙin da suka riga suka saba da asibiti. Nan aiki ba ya yankewa, albashin yana riƙe gida, mutum kuma yana tara shekarun hulɗa da marasa lafiya, abin da kwamitocin ɗaukar ɗalibai suke daraja. Sai dai akwai tarko. A makarantu da yawa, darussan sinadarai da na halittu da ake koya wa masu jinya ba su ne waɗanda makarantar likitanci take karɓa ba. Sai mutum ya gama ya tarar yana bukatar ƙarin shekara ɗaya ko biyu. Teburin AAMC ya kuma daɗe yana nuna cewa masu digirin fannonin kiwon lafiya suna cikin waɗanda kason shigarsu ya fi ƙasa, bayan na masu ilimin halittu.

Hanya ta uku ita ce fannin da bai da alaƙa da asibiti. Teburin nan ya nuna masu digirin lissafi da masu na adabi, falsafa ko harsuna suna samun shiga da kason da ya kai, har ya ɗara, na masu ilimin halittu. Bai kamata a ruɗu da wannan ba. Su kaɗan ne, kuma wanda ya karanta falsafa ya haɗa da fizik da sinadarai ya ci, dama can gwani ne. Abin da alƙaluman suke tabbatarwa kawai shi ne fannin ba ya hana shiga. Injiniya da kwamfuta da ilimin akanta suna ba da sana'a mai gwaɓi, amma kwamiti maki yake fara dubawa, kuma ba kasafai yake rangwame don fanni ya yi wuya ba. Mai aikin dare da ya zaɓi injiniya ya fito da 3.1 ya rage wa kansa dama, ko da ya fi mai 3.8 shan wahala.

Akwai kuma wanda ya riga yana da digiri. Idan na Amurka ne ko na Kanada, ba ya bukatar wani. Zai shiga shirin cike giɓi na shekara ɗaya zuwa biyu, irin wanda jami'ar Columbia take yi tun 1955, ko ya ɗauki darussan ɗaya bayan ɗaya a jami'ar jiharsa da kuɗi kaɗan. Mai lisans daga Yamai ko Dakar lamarinsa daban ne. Yawancin makarantun likitancin suna son ganin karatun da aka yi a jami'ar Amurka ko Kanada, wasu shekara guda, wasu fiye, wasu cikakken digiri. Abin da ya fi masa shi ne ya kai takardunsa a tantance, ya nemi jami'ar da za ta lissafa masa mafi yawan abin da ya karanta, ya kammala digirin da ya fi kusa.

Lissafin shekaru da na aljihu

Wanda ya fara digiri yana da shekara 30 zai gama yana 34, ya zama likita yana 38 idan komai ya tafi daidai, ya gama horon ƙwarewa tsakanin 41 da 45. A lokacin horon albashinsa dala 60,000 zuwa 70,000 ne a shekara, bashi kuma yana ta haihuwa. Duk da haka zai sami shekara ashirin ko fiye yana aiki, a ƙasar da AAMC ta yi hasashen za ta iya rasa likitoci har 86,000 nan da 2036.

An ga wanda ya yi. Carl Allamby bakanike ne a yankin Cleveland na jihar Ohayo, mai garejin kansa. Ya koma makaranta yana da shekara 34 don ya karanta kasuwanci ya gyara tafiyar garejin. Darasin ilimin halittu da aka wajabta masa shi ya juya masa tunani. Ya gama digirin kasuwancin, ya bi darussan kimiyya yana ci gaba da gyaran mota, ya zama likita a 2019 yana da shekara 47, ya kammala horon sashen gaggawa yana 51. Gemu ba ya hana ilimi, amma labarin nasa yana da wani darasi: yana da sana'ar da ta riƙe iyalinsa duk tsawon shekarun share fage.

Sabuwar dokar rance ta ƙara wa wannan darasi nauyi. Duk dalar da aka ranta a digirin farko tana hawa kan bashin da za a ɗauka daga baya, kuma bankunan da za su cike giɓin suna duba tarihin bashin mutum, sau da yawa su nemi mai tsaya masa, abin da baƙo ba ya samu cikin sauƙi. Shi ya sa fara shekara biyu a kwalejin gari mai araha, sannan a ƙarasa a jami'ar jiha, ya fi a da ma'ana, muddin an ɗauki wasu daga cikin manyan darussan kimiyya a jami'ar, tunda wasu kwamitoci sun fi amincewa da su. Akwai makarantun da suka yafe kuɗin karatu: ta jami'ar New York tun 2018, da Albert Einstein da ke Bronx tun 2024, bayan Ruth Gottesman ta ba ta kyautar dala biliyan ɗaya. Amma gurabensu ƴan kaɗan ne, masu nema dubbai, mai iyali ba zai gina shirinsa a kansu ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ma'aunin da ya dace da babba yana da ƙafa uku: digirin da zai gama da wuri, wanda zai iya cin maki mai kyau a cikinsa yana aiki, wanda kuma zai ba shi abin yi idan bai samu shiga ba. Sunan fannin yana zuwa a bayan waɗannan.

Abin da ya shafi na gida

Wannan hanya ta wanda ya riga ya zauna a can ce. Rancen gwamnatin Amurka na ƴan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, makarantun likitancin da ke ɗaukar baƙi masu bizar karatu kuma ba su da yawa. A watan Disambar 2025 gwamnatin Trump ta saka Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga Amurka daga 1 ga watan Janairun 2026, ko da yake hanin bai shafi masu katin zama ba.

Sauran ƙasashe ma sun buɗe wa manya ƙofa, kowa da salonsa. Faransa, wadda ta soke tsohuwar shekarar tankaɗe ta farko a 2020, tana da hanyar da mai digiri na biyu, ko injiniya, ko ma'aikacin jinya mai takardar shekara uku zai gabatar da takardunsa, ya zauna gaban kwamiti, ya shiga aji biyu ko uku kai tsaye. Ingila tana da karatun likita na shekara huɗu ga masu digiri tun 2000. A Najeriya, mai digirin kimiyya da ya ci da kyau yana iya neman shiga aji biyu ta hannun hukumar JAMB.

Nijar tana cikin ƙasashen da likitoci suka fi ƙaranci a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, alhali Amurka tana da fiye da 25. A ƙauyuka da dama malamin asibiti ko unguwarzoma ne suke duba mara lafiya, su ba da magani, su yanke shawarar wanda za a tura babban asibiti. Daga cikinsu akwai masu shekara goma a bakin aiki, masu ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki karatun likita, kuma sun riga sun nuna za su iya zama a karkara, inda sabon likita yake gudu. Ya kamata ma'aikatun lafiya da na ilimi mai zurfi su fayyace wa irin waɗannan hanya a rubuce: gurabe nawa za a ware musu duk shekara a Yamai da Maraɗi da Damagaram, wace jarrabawa za su zauna, daga wane aji za su fara, kuma wa zai riƙe musu albashi har su gama, bisa alkawarin komawa yankin da suka fito.