Mu Bar Kirya Ta Tsaya

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai a Birnin Kudu da Gwaram,

Kowa ya ga yadda buhunan gawayi suke jere a bakin hanyar Kano, kuma kirya tana ta ƙarewa a gonakinmu. Muna so mu kawo muku labarin wasu 'yan Hindu. Watakila wani zai ce, "Me ya haɗa Kirista da su?" A yi haƙuri a ji tukuna.

A jihar Rajastan ta Indiya, ƙasar rairayi da fari, akwai jama'ar Bishnoi. Malaminsu Jambheshwar ya ba su dokoki 29 a shekara ta 1485. Ɗaya ta hana sare ɗanyen itace. A 1730 sarkin Jodhpur ya aiki mutanensa ƙauyen Khejarli su saro itatuwan khejri, dangin kiryarmu, don ƙona farar ƙasar ginin fada. Wata mace, Amrita Devi, ta rungume itace, aka sare ta tare da shi. Mutum 363 suka mutu haka, kafin sarki ya hana saran itace a garuruwansu.

Mu ba ma yi wa itace sujada, Mahaliccinsa muke bauta wa. Amma sun ba mu kunya, gama su sun kiyaye dokarsu da jininsu, mu kuwa mun manta da tamu. Farawa 2:15 ta nuna an sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Noman mun riƙe, ina kiyayewar?

Mun sani talauci ne yake ɗaga gatari. Amma kuɗin gawayi na kasuwa ɗaya ne. Gawo kuwa yana kaɗe ganyensa da damina, ya ba gero taki, da rani ya ba awaki abinci, shekara da shekaru. Manoman Maraɗi sun gwada tun 1983: maimakon tuge kututture, sai su bar masa tofo biyu ko uku su girma, dawa ta komo.

Saboda haka muna roƙo, kafin sassabe na bana kowace ƙungiya ta zauna ta yi dokarta: kada a kā da ɗanyar kirya, ko gawo, ko ɗorawa, ko kaɗanya. Mai bukatar itacen girki ya yi sassaƙon reshe. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su zaga gonaki su ƙirga, su ba da labari a taron kaka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.