Kujerar Baba Shugaba: A Gyara Ta, Amma Kada A Shafe Mata Tarihi



A taronmu na ƙarshen wata mun tashi ba mu cimma matsaya ba a kan tsohuwar kujerar katako da ke ofishin ƙungiya, wadda iyalan marigayi shugabanmu na farko suka ba mu. Wasu sun ce a jefar da ita a sayo ta roba. Wasu sun ce a kai wa kafinta ya kankare ta, ya yi mata fenti mai sheƙi, ya sa mata soso da leda. Ni a matsayina na sakatare na rubuta ra'ayin kowa, yanzu kuma ga nawa: a gyara ta, amma a bar ta da kamanninta.

Dalilina na farko shi ne katakon. Kafintan da ya duba ta ya ce maɗaci ne, shi ya sa mutum ɗaya ba ya ɗaga ta da sauƙi. Ku je wajen masu katako a nan Keffi ku nemi busasshen maɗaci mai wannan kauri, ku ji kuɗinsa. Yawancin abin da ake aiki da shi yanzu malaina ce. Manyan itatuwanmu suna ƙarewa. Maɗobiya ma an yi ta kwasarta zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu. Kujerar roba kuwa duk mun san ƙarshenta: rana ta dake ta, ƙafa ta ɓalle ana tsakiyar taro.

Na biyu, tarihi. Keffi gari ne da Abdu Zanga ya kafa fiye da shekara 200 da suka wuce. Kowane yaro ya san labarin Magaji Dan Yamusa da Kyaftin Moloney a 1902. To amma gida nawa ne a garin nan ke da wani abu na kakanni da za a nuna wa yaro ya taɓa da hannunsa? Mun iya ba da labari, ajiya ce ba mu iya ba. Iyalan marigayi sun ce kujerar ta girmi jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro a 1996 nesa ba kusa ba. Wurin da ya goge a hannun dama, nan Baba yake dafawa idan yana sulhunta mutane. Fenti zai rufe wannan cikin minti goma, kuma ba mai dawo da shi.

Masu cewa tana girgiɗi kuma ta yi dauɗa sun faɗi gaskiya. Ba zan so baƙo ya zauna ya faɗi ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da nake ba da shawara:

A fara duba gara da ƙwaro. A kife ta, a ƙwanƙwasa ƙafafun. Idan ana jin rami, ko gari yana zubowa, a yi magani, a canza wannan sashen kaɗai.

Mahaɗar da ta saki, a zare ta, a kankare tsohon gam, a sa sabo, a ɗaure da igiya ta kwana. Kada a yarda kafinta ya buga ƙusa don sauri, busasshen katako tsagewa yake yi.

A goge ta da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ta bushe a inuwa. Idan dole sai an sa sanfefa, a sa mai laushi, da hannu, a bi layin katakon. Daga nan banish marar kauri ya wadatar.

Ga gargaɗi ga duk mai tsohuwar kujera ko akwati mai fenti a gida: tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Ba mu manta yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Can daga haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kada a kankare fenti a tsakar gida inda yara ke wasa.

A ƙarshe, a rubuta sunan mai ita da ɗan tarihinta a liƙa a ƙarƙashinta, don waɗanda za su gaje mu su san abin da ke hannunsu.

Ina roƙon a sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa. Kafin nan, kada kowa ya kai ta wajen mai fenti, don Allah. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya