Yabon Abokai Ba Ya Gyara Ƙasida



Wani tsohon ɗalibina a nan Likoro ya kawo mini ƙasidar da ya naɗa a ɗakinsa da kwamfuta, domin walimar sauka. Abokansa duk sun ce masha Allah. Ni kuwa da na saurara, sai na ji amsa-kuwwar da ya zuba ta haɗiye ƙarshen baitoci, ba a rarrabe sinun da sadun, masu amshi kuma sun danne muryarsa.

A ganina irin wannan yabon cutarwa ce, domin ranar walima shi kaɗai zai ji kunya. Na ce ya rage kuwwar, ya sassauta amshin, ya rataya barguna a bango ya sake ɗauka. Sannan ya bar ta kwana biyu, tunda kunnen da ya ji abu sau hamsin ya daina jin aibinsa, kafin ya gwada ta a ƙaramar waya da lasifikar makaranta, inda jama'a za su ji ta.

Ransa bai so ba. Jiya ya dawo da sabuwa. Haruffa sun fito, amshin dai da saura.