Sanyaya Kwamfuta Da Ruwa: A Tsaya Tukuna



'Yan uwana Hausawa mazauna Maiduguri, musamman na kasuwar kifi ta Baga Road, yaranmu sun gano a YouTube cewa ana sanyaya kwamfuta da ruwa, har wasu sun fara taso iyaye da "Baba, a sayo mana." Ni dai ra'ayina, kada a yi garaje da kuɗin banda.

Abin ba tsafi ba ne, tamkar na mota yake. Ana ɗora ɗan faifan jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙaramin famfo ya tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwaso zafi ya bi tiyo zuwa lagireto, fanka ta hura zafin waje. To ka ga ruwan dako kawai yake yi. Ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin da yake ciki ba, kuma mun san yadda Afrilu take a garin nan, zafi ya haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano.

Wani zai ce ai randa na sanyaya ruwa ko a bazara. Gaskiya ne, amma randa gumi take yi, iska ta busar da gumin ta tafi da zafin. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000, da tukunya cikin tukunya. Shi kuwa ruwan kwamfuta a rufe yake ruf, ba ya gumi. Ran da ya tsiyaya kuwa, lissafin kwalin kifi da sunayen masu bashi ne a cikin haɗari.

Sannan ga ƙura. Ƙurar hunturu kan toshe haƙarƙarin lagireto kamar yadda take toshe fanka. Ga kuma wuta: ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka karya turakun layin Damaturu garin nan ya daɗe cikin duhu. Mai kwamfutar rubuta lissafi da buga rasit, gara ya sayi UPS, ya busa ƙura, ya sake man shafawar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da fanka, ya ɗaga injin daga ƙasa. Wannan ya ishe shi.

Amma yaron da ke haɗa bidiyon biki, injinsa na aiki tun safe har dare, shi kam yana da hujja. Ya fara da irin wanda kamfani ya cika ya rufe, kamar na Corsair ko Cooler Master, bayan ya auna ko akwatinsa zai ɗauki lagireto mai milimita 240. Na tebur ake yi wa, ban da laftof. In ya dage sai ya haɗa da hannunsa, kul ya zuba ruwan mai moya ko na burtsatse, gishirinsu zai toshe hanya. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota zai nema, marar asid. Kada ya gama jan ƙarfe da alminiyam, cin juna suke yi. Kuma ya bar famfon shi kaɗai yana aiki awa 24, da takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, kafin ya kunna injin.